Allurar da Kika Bari a Kan Tebur

Zuwa ga sanyin idona, farin watan da ke haska min hanya, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, Gimbiyata mai ɗauke da rai biyu,

Gaisuwa irin ta mai ƙishi ga rijiya. Yau kwana biyu kina gidan Yayarki, kwana biyu kuma kwalin allurarki ya yi a kan teburin ɗakinmu, ko buɗe shi ba a yi ba.

Kin san ni. Da sifana ɗaya na fara gyaran famfo, yau mutum tara ke ci a ƙarƙashina, ban taɓa durƙusa wa ɗan Adam ba. To, ga ni a durƙushe.

Kin tuna ranar da kika raɗa min kin yi ɓatan wata? Kina shanya, na ƙwace bokitin, na rantse matata ba za ta ƙara ɗaga ko tsinke ba. Na sayo kujerar nan mai laushi, na hana ki shara, na hana ki ko leƙa titi. Kina dariya, wai na mai da ke ɗanyen ƙwai. Ashe gatan ne zai cuce ki! Da ƙafarki ta hagu ta kumbura ta ɗauki zafi, ni sarkin sani na zauna ina matsa ta da hannun da ke murɗa ƙarfe. Likita ta ce jini ne ya daskare a jijiya, da gudan jinin ya ɓalle ya hau huhu, da yanzu wani zancen ake yi.

Ta yi min bayani, na kuwa gane: ciki yana sa jinin mace saurin daskarewa don kada ya ƙare ranar haihuwa, abin da ke narkar da gudan kuma sai ya rage aiki. Rahama ce, amma idan ta haɗu da zama wuri ɗaya, hanya sai ta toshe. Wa ya fi ni sanin ɓarnar toshewa?

Na san tsoronki, ya raɓar safiyata. Zubar jini ce ta ɗauke Innarki wajen haihuwar autanku, shi ya sa kike gudun allurar da ke hana jini daskarewa. Maimakon in rarrashe ki, na daka miki tsawa kamar ina shago. Laifina ne, na amsa. Amma na koma wurin likita na tambaya: za su dakatar da ita idan haihuwa ta ƙarato, kuma ba ta kaiwa ga abin da ke cikinki. Shi kuwa gudan nan, kina tsammani zai jira mu shirya?

Ki ci gaba da fushi, haƙƙinki ne. Ki yi wata ba ki dube ni ba. Ga dai kwalin na ba Yaya tare da takardar nan. Maƙwabciyarta nas ce, na roƙe ta ta yi miki allurar, tana gida har la'asar. Idan numfashinki ya yi sama-sama ko ƙirjinki ya soke ki, ki ƙwala min kira kawai.

Na rufe shago. Ina cikin mota a ƙofar gidan, ba zan shigo ba, ba kuma zan gusa ba. Kada ki rubuto min komai. Sirinjin da aka juye ki aiko min da shi, shi ne amsata.

Naki har ƙasa ta rufe min ido,
Mijinki mai taurin kai.