Turakun tantin da ka sayo

"Mama, turken da bai kai cokalina nauyi ba, shi zai riƙe mana tanti?" Haka Auta ya tambaye ni ɗazu kana barci.

Baban Auta, sai na kafa tantin a tsakar gida na gwada. Turaku biyu sun shiga ƙasa lafiya. Na ukun, bugu ɗaya na yi masa da guduma ya lanƙwashe. Na san mai shagon ya rantse maka wai alminiyom ne mai ƙarko, ba ya tsatsa. Ni dai ban yarda da shi ba. Me ya sa ya hana ka buɗe ledar a gabansa?

Na wuce wurin aiki, na san kafin in dawo kun tafi daji kai da Auta. Tsofaffin turakunmu na ƙarfe suna cikin buhu a bayan ƙofar kicin. Da nauyi, na sani, ɗauke su haka nan.

Yaron nan tarinsa bai gama warkewa ba, ga hadari kullum da yamma. Kada ka kuskura ka kwanar min da ɗa a daji da waɗancan turakun. In ka bar na ƙarfen a gida, to shi ma ka bar min shi.