Kofin da 'Yan Layi Suka Saya Mini

Maman yara,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Ya zaman jinya? Allah ya ƙara sauƙi.

Ki taya ni sa wa sabon likitanmu albarka. Gwani ne. Shekara tara farfaɗiyata na barci, ya canza mini magani, cikin sati biyu ya tashe ta. Sau biyu na faɗi a ɗaki, leɓe ne kawai ya fashe. Kada ki baro Inna saboda ni.

Naki,
Mai Takalma

Maman yara,

Ina gaisuwa, da fatan Inna ta fara cin abinci.

Waccan wasiƙar ki yaga ta, na ɗauki alhakin bawan Allah. Cewa ya yi in riƙa rage tsohon maganin a hankali ina ƙara sabon, har ya rubuta mini. To kin san ni, ba na haɗa tsohon yayi da sabo a tebur ɗaya. Ranar da sabo ya zo na watsa tsohon a shara, wai ni masanin kaya.

Ranar Talata abin ya same ni a shago, ina durƙushe ina gwada wa wata mata takalmi. Na farfaɗo wandona a jiƙe, 'yan layinmu kaf a kaina. Tela ne ya tuɓe rigarsa ya rufe ni, shi ya hana mai agogo cusa mini cokali a baki. Abin da muka ɓoye tun aurenmu, minti uku ya tona shi.

Na koma wurin likita na faɗi gaskiya. Bai yi faɗa ba, gara ma da ya yi. Ya sake tsara mini shan maganin, yau kwana shida lafiya, amma ya ce da sauran kallo.

Jiya na daure na buɗe shago. Da rana muka zauna cin abinci a kwano ɗaya kamar kullum, sai na ga duk hannuwa sun bar mini gefena, ban da na tela. Muna gamawa mai agogo ya miƙo mini kofi sabo fil, mai furanni, wai 'yan layi ne suka saya mini, nawa ni kaɗai. Wanda muke sha da shi tare yana nan kan randa.

Ni da ke sayar wa mutum takalmin da ya matse shi ya tafi yana godiya, da hannu biyu na karɓa.

Ki gaida Inna. Ke da kika fi ni sanin ya kamata, irin wannan kyautar, tukuici ake bayarwa?

Naki,
Mai Takalma