Na Faɗi Sunan Ciwon Rufaida

Taman Melati, Kuala Lumpur
Nuwamba, 2006

Zuwa ga uwargidana Hajiya Ɗelu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya gida, yaya gwiwar nan taki, yaya maƙwabta? Ina fata kowa yana lafiya kamar yadda muke nan, sai ruwan sama da ba ya gajiya. Habiba, in ke ce mai karanta wa Hajiya, ki karanta duka, ban da tsallake.

Bayan haka, na san ɗanki Zahraddeen ya riga ni kai ƙara ta waya. To ga nawa bakin.

Mutanenmu na nan sun shirya kai yara daji a wannan hutun, can wajen Gombak, su kwana a tanti su ga itatuwa da ƙorama. Ni ma an gayyace ni in riƙa ba su labarin gida, tunda in ka yi musu Hausa da Turanci suke amsawa. Lafiyar yaran an ɗora ta a wuyan wata nas 'yar Zariya, Malama Najiba, mijinta karatu yake a nan. Ta tara iyaye ta ce duk mai yaro da wata larura ya sanar da ita, don daji ba kusa da asibiti yake ba. Wannan ya ce asma, wancan ya ce gyaɗa ba ta karɓi ɗansa ba. Da aka zo kan jikarmu Rufaida, ɗanki da digirinsa ya buɗe baki ya ce lafiyarta ƙalau. Yarinyar da ke da amosanin jini, wanda yanzu suke kira sikila! Wai dabararsa ya cusa mata magani a jaka, ya ja mata kunne kada ta gaya wa kowa.

Na bi Malama bakin ƙofa don in faɗa mata a asirce. Amma kin san maƙera ta cinye mini kunne, raɗata ma ana jinta a bayan gida. Kowa ya ji.

Yanzu Halimatu, uwar yarinyar, sai ta ajiye mini abinci ta juya da jan ido. Ɗanki kuwa cewa yake na tona musu asiri, wai mutanen nan kaɗan ne, magana za ta riga mu isa Kano, wa zai nemi auren yarinyar nan gaba? Na ce sai ana raye ake aure. Yana jira in ba da haƙuri. Zai daɗe yana jira.

Kada ki aiko mini da nasiha, Ɗelu. Ke aka yi wa laƙabi da mai wabi a unguwa, kina ji kina haɗiyewa. 'Ya'yanmu Kalilu da Hureira da hannuna na sa su a rami, ba mu ma san sunan abin da ya ɗauke su ba, aka yi ta cewa iska ce, maita ce. Yau Allah ya nuna mana sunan, sai kuma mu ɓoye shi? Ban yi boko ba, amma ban manta ba.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Naki,
Abdulwahidu Maƙeri

Taman Melati
Disamba, 2006

Zuwa ga Hajiya Ɗelu,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina gajiya, yaya jiki da jini? Saƙonki ya iso, na ji kin ce tsufa bai rage mini taurin kai ba. Na gode, ban musa ba.

Mun je daji mun dawo. Birai sun sace mana burodi, matsattsaku sun sha jinin kowa har da ni, yara na ta ihu. Malama Najiba ta kafa tantinta a tsakiya da akwatin magani, ta ajiye mota ɗaya da direba ba ya zuwa ko'ina. Matar tana da dabara. Da yake mai irin wannan ciwo ba a barinsa da ƙishi, sai ta sa doka: in ta busa usur, kowane yaro ya ɗaga gorarsa ya sha, don kada a ware Rufaida ita kaɗai.

Amma ranar da aka je wanka inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, dole aka ware ta, don sanyin ruwan nan shi ke tayar da ciwon. Ta yi kuka, ta zazzage ni da Turanci. Ban ji ko ɗaya ba, amma fuska ba ta buƙatar tafinta. Na zauna kusa da ita a kan dutse, na ba ta labarin yayyen ubanta. Ashe ba ta taɓa jin sunansu ba! Na gaya mata yadda Hureira ke ɓoye ciwon ƙafa don kada a hana ta zuwa ɗiban ruwa da ƙawaye, sai da ta kasa tashi muka sani. Sai ta daina kukan.

Ana gobe za mu taso, ruwa ya kama su a hanya, suka jiƙe sharkaf. Ko kaya Rufaida ba ta gama canzawa ba ta taka da ƙafarta har tantin Malama, ta ce gwiwarta ta fara. Ba wanda ya tambaye ta. Malama ba ta tsaya lalube ba: magani, tawul da ruwan ɗumi, bargo, sai mota. A asibiti aka yi mata ƙarin ruwa, washegari aka sallame ta. Yanzu haka tana falo suna faɗa da ƙaninta.

Kada ki ɗauka an sasanta. Ɗanki na nan kan bakansa, wai da magana ba ta fita ba ma da maganin jaka ya isa. Matan nan kuma wasu sun fara kallon Halimatu da tausayin da ya fi zagi ciwo, wannan na gani, ban ji daɗinsa ba. Har ya matso da ranar jirgina, wai zafin garin bai karɓe ni ba. To, ya matso. Gidana zan koma, ba kurkuku ba.

Sai dai jiya ina haɗa kaya ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe, kamar mai neman wani abu. Can ya tambaye ni wai shekarun Kalilu nawa da ya rasu. Tunda aka haife shi bai taɓa tambaya ba. Na ce in yana son ji ya shigo ya zauna, ba a ba da wannan labari a tsaye. Ya shigo. Haƙuri dai ban ba shi ba, kuma bai sake nema ba.

Ki sa a share mini ɗaki. Ina gaida Habiba da ta sha wahalar rubutuna. Allah ya bar mu tare.

Mijinki,
Abdulwahidu Maƙeri