Bakwai Cikin Goma Sun Ce Baba

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Anti da yara. Ya ciwon bayan nan naka? Mama ta ce ka daina ɗaga kaya kamar saurayi.

Albishirinka! Kai da kake cewa digirina na ƙididdiga ado ne kawai, yau sai ka janye maganarka. Ka san Baba ya so ya fasa takarar kansila. Mai gidan man da suke karawa ya turo dattawa, suka ce ya sauka da mutuncinsa, a ba shi shugabancin kwamitin makarantu. Baba har ya fara gyaɗa kai. Wai duk zamansa na shugaban makaranta ba a taɓa kunyata shi ba, ba ya so a fara da furfurarsa. Na roƙe shi ya dakata in auna ra'ayin jama'a tukuna.

Na yi aikin yadda aka koya mana. Na raba mazaɓar layi-layi, in tsallake gida huɗu in shiga na biyar, maza da mata, tsofaffi da matasa. Takalmina ma a hanya ya mutu. Bakwai cikin goma Baba za su zaɓa! Na zana masa a kwamfuta, ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, sannan ya aika wa dattawan cewa ya gode, amma yana nan daram.

Ka tanadi sabuwar hula ta ranar rantsarwa. Kowa yana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yaya,

Ina gaishe ka, da fatan kowa lafiya. Ka kira ban ɗauka ba, ka yi haƙuri. Bakina ba zai iya faɗa ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Baba ya zo na ƙarshe. Har mai gyaran rediyon nan da ya tsaya don raha ya fi shi ƙuri'a. Ina tsaye a rumfarmu ana ƙirgawa da ƙarfi, takarda bayan takarda, mutane suna satar kallona. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Na koma kan lissafin na bi shi ciki da waje, ko kuskure ɗaya babu. Sai da nake wanke-wanke abin ya faɗo mini. A littafi, mai tambaya ba shi da uba, ba shi da gida. Ni kuwa duk inda na yi sallama, kafin in zauna an tambaye ni 'yar gidan wa. Ta yaya zan ƙi faɗa? Ko ban faɗa ba ma, goshin Baba ne a fuskata. Sai a shimfiɗa mini tabarma, a kawo ruwa, a tambayi jikinsa. Kuma don kada a ce ba ni da tarbiyya, nakan ce yana gaishe su. Bayan duk wannan nake tambayarsu wa za su zaɓa. Rabinsu shi ya koya musu riƙe fensir. Yaya, in kai ne me za ka ce mini?

Har tsohuwar nan mai sayar da gawayi ta riƙe hannuna tana sa wa Baba albarka. Na rubuta ta cikin waɗanda suka tabbata. Ashe ladabin unguwa na yi ta aunawa, ina kiransa ƙuri'a.

Baba bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi, da na sami sauƙi.

Taka,
Auta

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonka ya iso, na gode da ba ka tsokane ni ba. Mama tana lafiya. Baba ma jikinsa lafiya.

Tun da aka yi zaɓen mutane suke zuwa jaje. Tela, direbobi, malaman da ya yi aiki da su, kowa sai ya durƙusa ya rantse cewa shi kam Malam ya dangwala wa. Ni nake kai musu ruwa. Ba na son ƙirgawa, amma kaina ya saba. Waɗanda suka rantse a falonmu sun ninka ƙuri'un da ya samu. Baba ma ya iya lissafi, shi ya koya mana.

Yana yi wa kowa godiya. Amma yanzu in mutum ya gaishe shi, sai ya tsaya yana kallon fuskarsa kafin ya amsa. Wannan kallon ne yake hana ni cin abinci. A da bai taɓa tambayar kansa ko gaisuwar mutane ta kai zuci ba. Da na bar shi ya janye, da har ƙarshen ransa yana ganin duk unguwar 'ya'yansa ne.

Ka tuna kujerarsa ta ƙofar gida, inda yake zama da la'asar masu wucewa suna tsayawa gaisuwa? Jiya ya kira ni a hankali, ya ce in shigo masa da ita tsakar gida, wai rana ta fara damunsa a wajen. Alhali ƙofar gidan nan inuwa ce tun muna yara. Na ɗauko ta da hannuna na shigo da ita.

Don Allah ka zo. Wataƙila in kai ne ka fitar da ita, zai zauna.

Ƙanwarka,
Auta