Ƙarara a Rigar Anko

Hayin Banki, Kaduna

Zuwa ga aminina Bello,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ruwan saman Fatakwal. Inna tana gaishe ka, ta ce ka daina ramewa.

Bello, Allah ya kawo ranata. Rabe taubashina zai angwance ran Asabar, da 'yar wani ma'aikacin gwamnati a Unguwar Rimi. Ba ka manta abin da ya yi min ranar saukata ba. Ya barbaɗa min garin ƙarara a riga, ina riƙe da allo gaban Malam ina karatu ina susa kamar biri. Tun daga wannan rana, sunana ya koma Mai Susa. Aziza ma, da nake zuwa zance wurinta, in ta tashi kirana sai ta danne dariya. To, sunan nan a kan Rabe zan sauke shi, a gaban surukansa.

Na samo ƙararar wurin mai magani a kasuwar Kawo. Sojojina biyu ne, tagwayen Yaya Rahmatu, Abba da Harira. Ko makaranta ba su shiga ba, wa zai zarge su? Mun shirya a kan alawa mai tsinke. Ina koya musu kullum: rigar ango, a wuya da hammata, sannan baki gum.

Ka taya ni da addu'a. Ka huta lafiya.

Naka,
Sharhabil

Zuwa ga Bello,

Bayan gaisuwa, ya jiki, ya kasuwa? Ni kada ka tambaye ni jiki.

Abin da ban lissafa ba, anko. Mu abokan ango duk shadda ɗaya muka ɗinka da Rabe, fara, aiki iri ɗaya, mai guga kuma ya jera su a kan gado ɗaya. Na nuna wa yaran ta Rabe, wadda ke bakin taga, na fita alwala. Ashe faɗa suka yi a kan wanda zai zuba. Suka birkita rigunan, suka juye ƙullin a wadda ta faɗo ƙasa.

An ɗaura aure lafiya. Sai da muka je gaida surukai, muka tuɓe takalma muka durƙusa a falon Alhaji, uban amarya, zufa ta keto, na ji abin ya fara daga wuyana. Na zuba wa Rabe ido, mutumin nan ko gezau, sai murmushi. Na cije. Na goga bayana da kujera. Ana tsakiyar addu'a, kowa ya ɗaga hannu, ni nawa suna cikin hammata.

Duk wannan da sauƙi. Harira ce ta ratso manyan mutane da kwalliyarta, ta dafa kafaɗata, ta ce da ƙarfi sun zuba wa ango garin da na ba su, ina alawarsu. Abba yana bayanta yana kuka shi ne ya fara zubawa. Alhaji ya sauke tabarau yana kallona. Rabe ya yi dariya har hularsa ta faɗi, sannan ya zaro alawa a aljihu ya sallame su a madadina. Ka ji wulaƙanci.

Kawu ya wanke ni tas. Yaya Rahmatu ta daina min magana. Har yaran unguwar Rafin Guza ma yanzu sun san sunan. Jiya Aziza ta aiko ƙaninta da kyauta a leda, na buɗe da murna, soson wanka ne.

Za ka ce in haƙura, na san halinka. Ban haƙura ba. Mai maganin ya ba ni ƙulli biyu, ɗaya yana cikin akwatina. Allah ya ba amarya haihuwa da wuri. Ranar suna ba a anko, kuma wannan karon da hannuna zan zuba.

Ka gaida mutanen wurinku. In za ka zo, ka taho min da man shafawa mai sanyi.

Naka har kullum,
Sharhabil