Tukunyar Kaka a Hannun Dillaliya

Gwaggo Rabi,

Assalamu alaikum. Yaya ƙarfin jiki, yaya ƙafar taki, ya yaran? Mu nan Mandawari lafiya lau.

Gwaggo, hankalina a tashe yake. Shekaranjiya na ga wata tukunyar jan ƙarfe wurin dillaliya, na karɓo na kai wa maƙeri ya duba. Ya kifa ta, ya shafa sawun guduma, ya ce, "Ƙirar Tarabulus ce, ta girmi mahaifinki." Dillaliyar ta ce Yaya Nasiru ne ya kawo mata, shi da ya rantse ɓarayi ne suka ɗauke tukunyar Kaka.

Ta Kaka tana da faci kusa da hannu? Wannan tana da shi. Ba zan faɗa wa Umma ba sai na ji amsarki.

Ki sa mu a addu'a. A gaida mutanen gida.

'Yarki,
Maryam