Wankan da Bulus ya yi wa babur ɗina

Daren Juma'a, Kwoi

Yau babur ɗina ya tashi. Tun ranar da Bulus, ƙanin matata, ya are shi ya kwaso citta daga gona bai sake motsi ba. Ashe rafi ya tura shi ya wanke, yadda 'yan acaba suke yi, alhali ya san na lantarki ne. Da na yi magana sai ya ce, "Yaya, ai dama kayan wasan yara ka sayo." Har a bakin coci ya maimaita, ana ta dariya.

Na cire kujera na fito da batir, na tarar da laka a soket, har ya yi kore. Na goge da tsohon buroshi, na shanya a rana. Da yamma na murɗa makulli, wuta ta kawo.

Ranar Lahadi da ƙafa Bulus zai hau tudun coci, nasa babur ɗin ba mai a ciki. Nawa kuwa ba ya yin ƙara. Ba zai ji zuwana ba sai na wuce shi a hankali, ba kowa a bayana. Zan gafarta masa, amma sai an tashi sujada.